Injin Leza na Rangwame

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da aikin ƙarfe a wata makarantar sakandare da ke kan hanyar Sandamu, kuma a duk tsawon shekarun nan kayan aikin da na fi riƙewa shi ne alli. Muna da ɗakin da ake kira ɗakin sana'a, amma abin da ke cikinsa tebura biyu ne da guduma ɗaya, ita ma shugaban makaranta yakan aiko a ɗauka duk ranar da za a kafa rumfa. Idan darasi ya zo kan zarto, sai in zana zarto a allo. Idan ya zo kan yadda ake yanka zaren noti, sai in zana ƙarafan da makanikai ke kira taf da dayis, in yi bayani cewa taf shi ke shiga rami ya yanka zare a ciki, dayis kuma ya yanka a jikin sandar ƙarfe. Na zana su ba adadi, ban taɓa murza ko ɗaya da hannuna ba. Yara suna kwafa, suna cin jarrabawa, kowa ya kama gabansa.

Da na yi ritaya, 'yata da ke aure a Kano ta kawo mini babbar waya, wai don in riƙa ganin hotunan jikokina. Kafin ta koma ta nuna mini wata kasuwa da ke cikin wayar, ta haɗa mini ita da katin banki, saboda ina ƙorafin tabaraun karatuna ya tsage. Na sayi tabarau. Da shi na fara ganin sauran abubuwan da ke cikin kasuwar.

Ni mutum ne da ko albasa ba na saya sai na taya, mai kaya ya ce albarka, na yi kamar zan tafi ya kira ni. To wannan kasuwa ba ta jira ka taya ba. Ita da kanta za ta rubuta farashi, ta soke shi da jan layi, ta rubuta wani ƙarami a ƙasansa, sannan ta ɗora agogo a gefe yana ƙirga lokacin da ya rage kafin rangwamen ya ƙare. Ranar farko da na ga agogon nan yana sauka, gabana ya faɗi kamar mota za ta tashi ta bar ni a tasha. Sai daga baya na lura cewa idan ya kai ƙarshe, komawa yake yi ya fara daga farko. Na lura, amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Ina da wani aboki tun muna samari, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne da ya riga ni ritaya, kowa Likita yake kiransa. A Zango yake zaune yana kiwon raguna yana sayarwa. Sau biyu a mako yakan hawo babur ɗinsa ya zo Daura, mu zauna a zaurena bayan la'asar. Wata rana na nuna masa wani ɗan bidiyo da na gani: wata na'ura tana rubutu a jikin katako da haske kawai, ba wuƙa, ba wuta, sai siririn hayaƙi yana tashi. Sunan hasken leza.

Likita ya kalla har sau uku. Ya ce, "Malam, wannan abin zai ci ƙaho?"

"Wane ƙaho?"

"Ƙahon rago mana. Ka san yadda dabbobi ke cakuɗewa a kara ranar kasuwa. Fenti yana gogewa, lalas da ƙarfe kuma ɓata fata yake yi. Amma a ce kowane rago da harafin mai shi a ƙahonsa? Daga nan har bakin iyaka sai an yi layi a ƙofar gidanka."

Ni dai abin da na yi niyya shi ne in riƙa yin ado a jikin ƙwarya da ludayi don rage zaman banza. Amma maganar layi a ƙofar gida ta shige ni.

Cikakken injin ya yi mini tsada. Sai na karanta a ƙasan tallar, inda masu saye ke rubuta ra'ayinsu, cewa masu wayo ba sa sayen cikakke, gutsi-gutsi suke saye su haɗa da kansu. Wanda ya rubuta haka wani mutum ne mai jan gemu, a hotonsa akwai ƙanƙara a bayansa. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma na yarda da shi fiye da yadda na taɓa yarda da maƙwabcina. Kuma wa ya fi ni cancantar haɗa inji? Na danna, na sayi kan lezar, wato ɗan ƙarfen da hasken ke fitowa daga ciki.

An rubuta cewa kawowa kyauta ne. Gaskiya ne, kyauta ne har shagon surukina a Kano. Daga can sai ya ba direba, direba ya kira ni yana hanya, in tafi tasha in tsaya, in sallame shi, in sallami mai babur da ya kai ni ya dawo da ni. Bayan mako biyar ƙunshin ya iso. Na buɗe shi a tsakar gida, matata tana tankaɗe a gefe.

Ta leƙo ta ce, "Malam, mene ne wannan kuma?"

"Leza ce, Hajiya."

"Reza? Ga wanzami nan a bakin layi, sai ka aika wata duniya a kawo maka reza?"

"Ba reza ba, leza. Haske ne mai yanka."

"To kunna mu gani."

Ba a kunnawa. Nan na gane cewa kan leza shi kaɗai kamar kan keken ɗinki ne ba ƙafa. Yana buƙatar abin da zai ba shi wuta daidai ƙarfinsa, yana buƙatar 'yar fanka da za ta sanyaya shi, da tabarau na musamman don kada hasken ya taɓa ido, da teburin ƙarfe da zai riƙa zamewa a kai. Kowanne akwai shi a kasuwar, kuma kowanne, cikin ikon Allah, ana rangwamensa a ranar.

Daga nan rayuwata ta canza tsari. Da safe bayan na karya, sai in fitar da kujera ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, inda waya ta fi kamawa, in fara zagaye. Na koyi dabaru. Na gano cewa idan ka zaɓi kaya ka saka a kwandon kasuwar ka ƙi biya, bayan kwana biyu za su aiko maka da ƙarin rangwame kamar mai lallashi. Na gano cewa abu ɗaya yana da masu sayarwa goma da hoto iri ɗaya. Nakan shafe safiya guda ina neman wanda ya fi arha, bambancin bai kai kuɗin ƙosai ba, amma in na same shi sai in ji kamar na kayar da wani a kokawa. Likita ma ya sa ɗansa ya buɗe masa tasa kasuwar, muka shiga gasa. Zai kira ni ya ce ya ga fanka ƙasa da tawa, in kasa cin abincin rana.

Hajiya ba ta hana ni ba. Abin da take yi kawai, duk ƙunshin da ya iso sai ta tambaya, "Wannan kuma nawa ka ci riba?" Domin ni ba na cewa na kashe, cewa nake na rage. Ta ce a iya saninta, mutumin da ya daɗe yana irin wannan ribar ya kamata a ce ya canza kwanon ɗakin girki da ke yoyo.

Teburin ƙarfen kam na ce ba zan saya ba, ni zan ƙera. Wani mai walda ya haɗa mini ƙarafa bisa zanen da na ba shi, ya huda ramuka. Saura a yanka zare a ramukan don a ɗaure kan lezar, a kuma yi wa sanduna biyu zare, yadda in na murza ɗaya kan zai tafi gaba, in na murza ɗayar ya tafi gefe. Mai waldan ya ce in kai wurin masu injin gyaran ƙarfe da ke bayan kasuwa, kafin in sha ruwa sun gama.

Na ji haushin maganar. Ni za a tura wurin wani a kan taf da dayis?

Na koma ƙarƙashin darbejiya. Na samu akwati guda, ƙarafa sun fi ashirin a jere suna ƙyalli, a hoto ya cika tebur. Farashinsa ya yi arhar da ya kamata in yi tunani, amma agogo yana sauka. Ranar da direba ya miƙo mini ƙunshin a tasha, na tsaya ina jiran ya buɗe bayan mota. Ya ce, "Baba, ai shi ke nan." Akwatin bai kai kwalin ashana biyu ba. Ƙarafan ciki kamar allurai, irin na masu gyaran agogo. An rubuta girmansu a tallar, a can ƙasa, da ƙananan haruffa. Tabaraun da na saya bai kai nan ba.

Na rubuta wa mai kayan doguwar wasiƙa da Turancin da na yi shekaru ban motsa ba. Washegari ya amsa. Ya fara da kirana masoyin abokinsa, ya ce zuciyarsa ta karye da jin damuwata, ya roƙe ni kada in rage masa taurarin yabo da masu saye ke ba mai kaya. Tun da nake ba wanda ya taɓa rubuto mini cewa zuciyarsa ta karye saboda ni. Ya ce maimakon mayar da kuɗi zai ba ni rangwame na musamman idan na sake saye a wurinsa. Na sake saye.

Akwati na biyu girmansa daidai ne. Na ɗaure ƙarfe, na ɗiga mai, na yi bisimilla, na saka taf a rami na murza. Murzawa ta uku na ji ƙas. Rabin taf a hannuna, rabi ya maƙale a cikin ramin. Na ɗauki na biyu na gwada a wani ramin, shi kuma bai karye ba, lanƙwashewa ya yi kamar alewa. Na zauna a kan turmi ina kallonsu. Hajiya ta zo wucewa da tsintsiya, ta dubi ƙarfen, ta dube ni, ta tambaye ni ko a kawo mini kunu ko fura. Wannan tausayin ya fi mini zafi fiye da in ta yi dariya.

Da sassafe na naɗe ƙarafan a buhu na hau babur zuwa bayan kasuwa. Na zaɓi lokacin ne don kada in haɗu da idon sani. Mai shagon wani magidanci ne da furfura ta fara fito masa a gemu. Yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam! Ba ku gane ni ba? Ai ku kuka koyar da mu aikin ƙarfe."

Na ce na gane shi, ko da yake ban gane shi ba. Ya shimfiɗa mini kwali a kan benci, ya aika a kawo shayi. Ya duba karyayyen taf ɗin, ya ɗaga na biyun ya ɗan goga shi da magagari, ya girgiza kai.

"Wannan ai ba ƙarfen yanka ba ne, Malam, fenti ne kawai aka yi masa. Sannan kuma ba a murzawa gaba ɗaya. Ka yi gaba kaɗan, ka dawo baya kaɗan, don tarkacen ya fita."

Na ce ai na san da haka, gwada kayan nake yi.

Ya zaƙulo guntun da ya maƙale a ramin, ya ɗauko nasa taf, baƙi, tsoho, ya kama aiki. Yana yi yana ba ni labarin yadda ya sha wahala a wurin ubangidansa da ya fara koyon sana'a. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam, in faɗa muku wani abu, ba don raini ba? Zanen nan da kuke mana a allo, zaren a karkace yake ta hagu. Notin da kuke zanawa, in da za a ƙera shi, baya-baya zai riƙa ɗauruwa. Ranar da na zana wa ubangidana shi don in burge shi, sai da ya kira maƙwabta suka gani."

Na kurɓi shayi. Na yi lissafin yawan ajujuwan da suka wuce ta hannuna, na bar lissafin. Kafin shayin ya huce ya gama ramukan duka da sandunan biyu, kuma ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba.

Injin ya tashi. Wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Likita ya kawo batirin solarsa, muka haɗa, muka sa koren tabarau, na danna. Wani shuɗin ɗigo ya sauka a kan katako, hayaƙi ya tashi, na murza sanda a hankali, baƙin layi ya biyo baya. Matsalar kawai, da yake da hannu ake murzawa, injin bai san lanƙwasa ba. Miƙaƙƙen layi yake yi, a tsaye ko a kwance. Likita ya ce ba komai, harafin farko na laƙabinsa ai layi biyu ne.

Na ba da shawarar mu karɓo ƙaho a wurin mahauta mu fara gwadawa. Ya ce ƙahon mataccen rago ba ya gaya maka komai game da mai rai. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi da wani ƙaton farin rago ɗaure a bayan babur.

Muka ɗaga injin a kan tebur a tsakar gida, muka jawo ragon ƙarƙashinsa. Hajiya tana daga ƙofar ɗaki. Ta ce, "Ku kun sa tabarau. Shi ragon ina nasa?"

Muka dubi juna. Gaskiyarta ne. Likita ya cire rawaninsa ya naɗe wa ragon fuska, ya sa shi tsakanin ƙafafunsa ya riƙe ƙahon da hannu biyu. Ya ce shekararsa talatin yana riƙe bijimai, in danna kawai.

Na danna. Fanka ta fara kuka, ɗigon ya sauka, wani wari ya tashi kamar ana babbakar kai da ƙafa. Ban kai ga murza sanda ba ragon ya yi wani irin tsalle. Likita ya tafi ta baya ya zauna a cikin bahon wanki. Tebur ya kife, wayoyi suka tsinke, injin ya daki ƙasa. Ragon ya bi ta zaure ya fice da rawani a kansa, jelar rawanin tana jan ƙasa.

Muka bi shi. Ba wanda ya tuna ya cire tabarau a cikinmu. Dattawa biyu, ɗaya ba hula ga jiƙaƙƙen wando, idanu kore shar, suna gudu suna kiran a tare. Ragon ya miƙe hanyar Kusugu, ya watsa tiren wata mai gyaɗa, ya shiga tsakanin masu babur. Wani mai faci ne ya taka jelar rawanin ya tsayar da shi. Kafin mu iso mutane sun taru. Aka tambaye mu lafiya, Likita yana haki ya ce, "Aikin leza muke yi masa." Da ya ce ragon ne ya tsinke kawai, da an wuce wurin.

A ƙahon akwai ɗigo ɗaya baƙi, bai kai ƙwayar gero ba. Gilashin kan lezar kuwa ya tsage. Likita ya ce ni na danna da wuri, na ce shi ya saki. Mako biyu bai zo Daura ba, sai da muka haɗu a wani suna muka gaisa kamar ba a yi komai ba.

Amma magana ta riga ta zaga gari, kuma a hanya ta canza kaya. Wata safiya Hajiya ta leƙo ta ce ina da baƙuwa. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye a bayan Sandamu, jikarta tana riƙe da sandarta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ajiye ƙwaryar ƙwai a gabana. Ta ce yanar ido ta rufe mata gani shekara biyu ke nan, kuma an gaya mata akwai wani malami a Daura da ke aikin ido da haske, har ya yi wa wani makahon rago ya tashi da gudu.

Na yi mata bayani. Na ce ni malamin makaranta ne, injin na katako ne, kuma ma ya lalace. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta san manya ba sa son a san su, in taimaka mata don Allah. Na dubi idanunta, fari fat kamar an ɗiga nono. Hajiya ta ce, "Malam, tashi ka sa riga. Tun da sunanka ya kawo ta, kai za ka kai ta inda ake yi."

Na tare keke mai ƙafa uku, muka tafi asibiti. Na yi mata layin kati, na zauna tare da su har aka duba ta, aka ba ta ranar dawowa. Ranar ma ni na raka ta, don ta ce ba za ta shiga ba sai ina wurin. Da aka cire mata bandeji bayan aikin, ni ta fara gani a tsaye a bakin gado. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, ma'aikacin da ya yi aikin yana gefe yana rubutu a fayil. Na nuna shi na ce ga wanda ya yi. Ta ce Allah ya yi wa yaron nawa albarka shi ma.

Ta koma ƙauyensu ta ba da labari yadda ta fahimce shi. Daga lokacin zuwa yanzu na raka mutum bakwai asibitin nan, har masu ba da kati sun san ni, suna ganina suke miƙo mini kujera. Wasu da kaza suke zuwa, wasu da gero. Na hana, ba su hanu ba. Hajiya takan karɓa ta dafa, ta zuba a kwano ta ba ni in kai wa ma'aikatan ɗakin ido, ta ce su ne masu haƙƙi. Ranar Litinin mai zuwa ma akwai wani dattijo daga Zango da zan raka, Likita ne zai kawo shi a babur.